Abin da ke Cikin Dutsen Kwatano

A daminar shekarar da aka samu mulkin kai, Bunyaminu ya dawo Bagudo daga Kwatano, birnin bakin teku na Dahome, da kayan da ba a taɓa ganin an sauke irinsu a garin ba. Shi ƙaramin falke ne, yana kai albasa da busasshen kifi ƙasar Dahome, ya komo da atamfa da sabulu da ashana. A wannan karon atamfar kaɗan ce. Abin da ya ɗora wa jakunan da ya yi haya daga bakin kogi shi ne manyan kwalabe uku masu rigar saƙa, irin waɗanda mutanen can ke zuba manja, kowacce cike da ruwa. An yanke wa ɗaya wuya, an ɗaure bakin da fata.

Matarsa Rahmatu ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo.

"Malam, ruwa munka rasa a Bagudo, da za ka ɗauko shi tun daga Kwatano?"

"Wanga ba naki ba ne," in ji shi, yana dariya. "Na 'Yar Baba ne."

'Yar Baba ita ce ɗiyarsu tilo. Shan inna ya kama ƙafafunta tun tana ƙarama, ba ta zuwa ko'ina sai inda aka ɗauke ta aka kai. Duk dawowar da ubanta zai yi, tambayarta ɗaya ce: yaya teku take? Ya faɗa mata har bakinsa ya gaji, ita kuwa ba ta gaji da tambaya ba. A wannan tafiya sai ya ga wani akwatin gilashi a kantin wani Bature kusa da tashar jiragen ruwa, kifaye masu launi suna yawo a ciki. Da ya ji kuɗinsa bai ko tsaya tayawa ba. Ya je wurin wani masunci da yake sayen albasa a hannunsa, shi ya nuna masa yadda talaka zai yi nasa. Suka yanke wuyan kwalbar da zare da kananzir, suka zuba yashin bakin teku, masuncin ya kamo masa ƙananan kifaye da dodon koɗi, ya kuma tsamo masa wani dutse mai ramuka daga ƙarƙashin gadar jiragen, ya ce kifi ba ya zama inda ba shi da maɓoya.

Wasu kifayen sun mutu a jirgin ƙasa, wasu a motar zuwa garin Kandi. Huɗu ne suka iso da rai. Uku masu zane ne, rawaya da baƙi, ɗayan kuma mai faɗin kai ne da ba ya son iyo, sai ya kwanta a kan yashi yana zare ido. Shi ne 'Yar Baba ta sa wa suna Ango, wai don ya zauna kamar an yi masa lalle.

Aka ɗora kwalbar a kan kifaffen turmi a ɗakin Rahmatu, inda rana ba ta kaiwa. Bunyaminu ya koya wa matarsa aikin. Ya nuna mata yadda za ta sa siririn tiyo a bakin famfon kekensa ta hura wa ruwan iska, da safe da rana da yamma. Ya ja layi da gawayi a jikin gilashin, ya ce in ruwa ya sauka ƙasa da nan ta cika da ruwan sama, kada ta ƙara gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. In ruwan ya fara duhu ta kwashe kaɗan ta zuba sabo daga sauran kwalaben biyu. Abinci kuwa ɗan garin busasshen kifi, abin da zai tsaya a kan farce.

'Yar Baba ta daina neman a kai ta zaure. Wuni take a kan tabarma, haɓarta a tafin hannu, tana hira da kifi. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo, har daga Lafagu an zo. Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, Inna Kubura, mahaifiyar Bunyaminu. Ita mutuniyar Illo ce, a bakin kogi ta girma. Ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya.

"Kowane ruwa da masu shi," ta ce. "Ba a raba su da ɗiyansu."

Bunyaminu bai daɗe ba ya sake shiri. Ya bar kaya a Segbana, hayin iyakar Dahome, wurin mai masaukinsa, ya ce zai je ya kwaso su kafin kogi ya gama cika, ba zai wuce mako ba.

Bayan tafiyarsa ne Rahmatu ta fara jin ƙarar. Da rana ne, bayan azahar, gari ya yi tsit, tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Ƙas. Kamar an fasa gyaɗa da haƙori. Ta waiga, 'Yar Baba tana barci. Ta ci gaba da tsinta. Ƙas, ƙas. Ta tashi ta duba bayan tukwane ko ɓera ne, ta ɗaga tabarma, ta kakkaɓe buhun gero. Da ta tsaya kusa da turmin sai ta sake ji, a daidai gwiwarta. Daga cikin kwalbar ƙarar take fitowa.

Ta durƙusa ta leƙa. Kifaye masu zanen sun taru a sama, can gefe guda, sun matse da juna. Dutsen yana nan yadda yake, baƙi-baƙi, da ramukansa. Babu abin da ya motsa.

Washegari ta tarar da bawon dodon koɗi guda a farfashe a gaban dutsen, an cinye abin da ke ciki tas. Bawon nan ta san ƙarfinsa, don ranar da aka kawo su ta danna ɗaya da farce ta ji kamar tsakuwa. Ta sa ludayi ta kwashe ɓaraguzan kafin yarinyar ta gani. Bayan kwana kaɗan sai kifi mai zane guda ya ɓace. Ba gawa, ba ƙaya. Ta duba ƙasa ko ya yi tsalle, ta zargi kyanwar maƙwabta, amma ta san bakin kwalbar a rufe yake da faifai, da dutsen niƙa a kai.

"Inna, ina ɗayan?" in ji 'Yar Baba.

"Ya shiga rami shina hutawa."

"Ba shi hutawa. Mai dutsen ne ya ɗauke shi."

Rahmatu ta juyo ta dube ta. "Wane mai dutsen?"

"Wanda ka leƙowa. Ina ganin idonai in kin fita."

Ba ta sake tambayarta ba. Ta fita tsakar gida ta tsaya.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, babu Bunyaminu. A makarantar gari yara suna ta koyon maci saboda ranar da za a ɗaga sabuwar tuta, ana jin gangarsu har cikin gida. Waɗanda suka dawo daga kasuwar Kende kuwa kowa da labarin da ya zo da shi. Wani ya ce tun da Faransawa suka miƙa mulki a Dahome jandarmomi, 'yan sandan can, suke tsare fatake a kan iyaka. Wani ya ce ba haka ba ne, kwale-kwale ne ya kife da mutane da jakuna a mashigi, ba a san ko su wane ne ba. A ranar da wannan labarin ya iso, a ranar kifi na biyu ya ɓace.

Inna Kubura ta shigo ɗakin, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta zauna nesa da turmin.

"Rahmatu, ki gaya mini gaskiya. Saura nawa?"

"Biyu, Inna."

"In sun ƙare fa? Mi za shi ci?"

Tsohuwar ta dubi jikarta, ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Ɗana ya ɗauko abin mutane. Sun riƙe shi can, abinsu kuma shina nan shina cin namu. Ki aika a kira Kanta."

Kanta tsohon Basarke ne, masuncin gado, wanda ake nema in kada ya addabi mashaya ko in kogi ya ci mutum ana neman gawa. Ya zo da hantsi, ya cire takalmansa, ya tsuguna gaban kwalbar. Ya tsoma yatsa a bakin ruwan ya ɗanɗana, ya tofar. Ya daɗe yana kallon dutsen. Rahmatu tana ta addu'a a zuci kada ƙarar ta zo, tana kuma so ta zo don a san ba ƙarya take ba. Sai ga ta. Ƙas! Har ruwan ya yi ɗan motsi.

Tsohon ya miƙe da sauri fiye da yadda ya tsuguna.

"Duk abin da ke cikin kogin Kwara na san muryatai," ya ce. "Wanga ban san shi ba."

"To mu kai shi kogi mu zubar," in ji Inna Kubura.

"A'a! Kada ku soma. Ba ku sa mini abin da ban sani ba cikin ruwan da ɗiyanmu ka wanka. Ku bar shi inda shike, kada kowa ya taɓa. Wanda ya ɗauko shi, shi za ya maishe shi."

Ya ƙi karɓar goron da aka miƙa masa. Daga ranar matan unguwa suka daina shigowa. Mai kawo musu nono ma a ƙofar gida take tsayawa ta yi sallama.

Rahmatu ta mayar da shimfiɗar 'Yar Baba ɗakin kakarta, ta hana ta zuwa kusa da turmin. Amma hura iskar ba ta fasa ba, domin in ta bari kifayen za su mutu, kuma a ranta ta riga ta ɗaura ran mijinta a kan nasu, ko da yake ta san hakan ba daidai ba ne, tana istigfari duk lokacin da tunanin ya zo mata. Takan tsaya iyakar tsawon tiyon, ta miƙa hannu tana buga famfo, fuskarta a juye. Wata rana ta yi ƙarfin hali ta duba. A bakin wani rami da ke ƙasan dutsen ta ga wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar dawa, kowanne a kan ɗan tsinke. Ɗaya yana kallon kifi. Ɗayan ya juyo a hankali, shi kaɗai, ya tsaya a kanta. Ta yar da famfon ta fita.

Wata ranar Laraba tana daka a bayan ɗaki, Inna Kubura ta tafi gaisuwar mutuwa, sai ta ji ihun 'Yar Baba. Ta saki taɓarya ta ruga. Yarinyar ta ja jiki tun daga ɗakin kakarta, ta dafa turmin ta miƙe a kan gwiwa, ta ture faifan. Tana zaune a ƙasa riƙe da hannunta na dama, jini yana bin gwiwar hannun yana ɗiga a zanenta. A cikin kwalbar ma jini ne yake bazuwa kamar hayaƙi.

"Ango na so in fitar," take faɗa cikin kuka. "Mai dutsen ya matso kusa da shi."

Babban yatsanta ya tsage tun daga farce har gaɓa. Rahmatu ta yage bakin zanenta ta ɗaure, ta goya ta, ta fita ko mayafi babu. A ɗakin shan magani malamin asibiti ya wanke ciwon, ya zuba aidin, yarinyar tana ihu.

"Wuƙa ce ko reza?" ya tambaya.

"Dutse ne."

Ya ɗago ya dube ta, ya naɗe yatsan.

Kashegari zazzaɓi ya rufe 'Yar Baba. Hannun ya kumbura, tana ta sambatu. Inna Kubura ta zauna a kanta tana tofa mata addu'a, ba ta yi wa Rahmatu magana ba, ko kallonta ba ta yi ba. Rahmatu ta shiga ɗakinta don ta hura iska, sai ta ga ƙasan turmin a jiƙe. Ta duƙa. A jikin gilashin, daidai bakin ramin nan, akwai wata 'yar tsaga mai rassa kamar sawun kaza, ɗigon ruwa yana taruwa a kanta. Daga ciki aka buga.

Ta tsaya tana kallon ɗigon har ya gangara. Ta tuna cewa a ɗakin nan take kwana, a ƙasa, kuma in gilashin ya fashe abin zai fito ne ya bi duk inda ya ga dama. Ta fita ta nufi maƙera, ta ce a ara mata awartaki mafi tsawo. Maƙerin ya so ya tambaya, ya ga fuskarta, ya miƙa mata.

Ta ajiye babban daro a tsakiyar gida inda rana take, ta cika shi da ruwan rijiya. Ta jingina taɓarya kusa. Inna Kubura ta leƙo.

"Kanta ya ce kada a taɓa!"

"Ya riga ya taɓa mu, Inna."

Ta yi bisimilla ta zura awartakin. Da ƙyar ta kama dutsen, don santsi gare shi. Tana ɗaga shi sai ta ji bugun, ƙas, ya biyo ƙarfen har cikin wuyan hannunta, kamar an doke shi da guduma. Saura kaɗan ta saki. Ta cije leɓe ta fito da shi, ruwa yana zuba a ƙafafunta, ta bi ta ƙofa da baya da baya, bugun yana ƙaruwa, ta jefa shi cikin daron ta yi tsalle gefe.

Shiru. Kaji suka matso, ta kore su. Ta ɗauki taɓarya ta riƙe da hannu biyu. Gangar 'yan makaranta tana ta tashi daga nesa. Wasu ƙananan tsutsotsi suka fara fitowa daga ramukan suna murɗewa, don ruwan daɗi bai karɓe su ba. Sai kuma wani abu ya harbo daga ƙasan dutsen, da saurin da ido bai iya bi ba, ya zagaye daron ya daki gefensa. Ƙwan! Fentin wurin ya ɓantare.

Inna Kubura ta saki salati. Rahmatu ta ɗaga taɓarya, amma ba ta sauke ba, domin abin ya tsaya, kuma ta gan shi sarai. Bai fi yatsanta na tsakiya tsawo ba. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne kamar na jatan lande, kore mai duhu da ɗigon ja a gefe, ƙananan ƙafafu birjik a ƙarƙashinsa suna kaɗawa. A gaba yana da hannaye biyu a naɗe a ƙirji irin na ƙoƙi-ƙoƙi, kowanne da dunƙule a gwiwa kamar kan guduma. Idanun nan biyu suna ta juyawa, kowanne da inda ya nufa.

Ya sake zagayawa, amma ba da ƙarfin farko ba. Ya daki daron sau ɗaya, a raunane. Sannan ya kife a gefe, ƙafafun suna motsi a hankali har suka daina.

Matan biyu suka daɗe a tsaye. Inna Kubura ce ta fara matsowa, ta tsinci kara ta taɓa shi, ta ja baya, ta sake taɓawa.

"Wanga ɗan abu?" ta ce. "Ki duba, ko da uwatai a ciki."

Rahmatu ta mirgino dutsen ƙasa da awartaki ta yi ta dukansa da taɓarya har ya zama tsakuwa. Babu komai sai ɓaraguzan bawo da ƙayar kifi cunkushe a wani rami. Ta haƙa rami mai zurfi a bayan gida ta binne duka, har da abin, ta danne da dutsen murhu saboda kaji. Sannan ta kwashe Ango da mai zanen da ya rage da ludayi, ta zura su ta wuyan ɗaya kwalbar mai sauran ruwan teku. Sai da ta gama duk wannan sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Zazzaɓin 'Yar Baba bai sauka nan da nan ba. Sai da aka yi ta kai ta ana wanke ciwon, aka yi mata allura, kafin kumburin ya saɓe. Da ta warware ta tambayi labarin mai dutsen, aka gaya mata. Ta yi fushi da ba a nuna mata shi ba.

An riga an ɗaga tuta, an gama shagali, sannan Bunyaminu ya shigo gari da yamma, ya rame, da rabin kayansa. Jandarmomi sun tsare su a Segbana a kan wata takardar shiga da babu wanda ya taɓa jin labarinta, da aka sake su kuma ruwa ya cinye hanya, sai da suka jira ya janye. Labarin kwale-kwalen bai ma ji shi ba sai a Kende.

Ya zauna a tabarma ya kama hannun ɗiyarsa yana duban tabon, Rahmatu tana ba shi labari. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, a hankali, "Ni na ɗauko shi. Da hannuna na sa shi cikin kwalbar." Ya miƙe zai ɗauki kwalbar ya zubar, 'Yar Baba ta riƙe ƙafar wandonsa ta ce in ya zubar da Ango ba za ta ƙara yi masa magana ba. Ya koma ya zauna.

"Kamar yaya girmanai?" ya tambaya.

Rahmatu ta nuna yatsanta. Inna Kubura, daga bakin ƙofa, ta nuna tun daga gwiwar hannunta har tafi, kuma haka ta ci gaba da nunawa duk wanda ya tambaye ta har ƙarshen ranta.

Mai zanen ya mutu da aka shiga bazara, ruwan ya yi zafi. Ango ya kai wata daminar. Bunyaminu ya ci gaba da kawo ruwan teku duk tafiya, kwalba guda, amma dutse bai ƙara ɗaukowa ba. Rahmatu ta fasa wata tsohuwar tukunya, ta wanke kaskon da ruwan zafi, ta zura wa Ango a ciki ya riƙa shiga ƙarƙashi.